Kulocin GTI na zamewa bayan rimaf: oganik ko siramik?

Salam 'yan uwa. Oga da ka yi tambaya jiya da daddare, ka ce Golf 5 GTI ce da kai mai giyar hannu, an yi mata rimaf, wato an sauya lissafin kwamfutar injin don ƙara masa ƙarfi, watannin baya, yanzu in ka taka totur a giya ta biyar allurar rpm, mai nuna juyin injin, sai ta tashi sama amma motar ba ta ƙara gudu, kana so ka san ko kuloci ne, in kuma shi ne wanne za ka saka tsakanin kulocin oganik da na siramik ɗin nan mai fuka-fukai shida da ake ta yabawa. To ga abin da na sani.

Alamar da ka faɗa ta kuloci ce kam, amma kafin a sauke giyabos ka tabbatar da kanka. Ka samu titi miƙaƙƙe marar cunkoso, ka sa giya ta biyar ko ta shida allura na wajen 2000, ka taka totur har ƙasa ka zuba ido kan allurori biyun nan, ta rpm da ta gudu. Mota mai lafiya tare suke hawa a hankali. In ta rpm ta yi tsalle ta bar ta gudu a baya sannan ta ɗan dawo ƙasa, dis ɗin kuloci, wato faifan da ke haɗa injin da giyabos, shi ne ya kasa riƙe injin. Dalilin da ya sa a babbar giya yake fara nunawa shi ne a nan injin ke daɗewa ɗauke da kaya, turbo ya cika iska ya zauna a haka, a giya ta ɗaya da ta biyu kuwa kafin ma ya cika allura ta riga ta haye, kuma in ka ga ta yi tsalle a can wataƙila tayoyin gaba ne suka zame a kwalta ba kuloci ba. Akwai gwajin da makanikai suka fi yi, a ja hambirki a sa giya ta uku a saki feda a hankali, in injin ya mutu a ce lafiya lau. Wannan yana kama kulocin da ya ƙare ƙarƙaf ne kawai, irin naka da sai turbo ya cika yake zamewa zai iya cin wannan gwajin alhali yana da ciwo, kuma kar a yi ta maimaitawa don ƙona shi ake yi. Ka lura da warin ƙuna bayan hawan tudu, da feda da ba ta kamawa sai ta kusa zuwa can sama. In kuwa giya ce ke ƙin shiga ko tana ƙara, wannan ba zamewa ba ce, kuloci ne bai saki ba, maganinsa daban.

Abu ɗaya da nake roƙonka, ranar da aka buɗe ka je garejin da kanka ka ga dis ɗin. In ya jiƙe da mai to ba rimaf ne kaɗai ya kashe shi ba, ko oyil sil na bayan kiranshaf ke yoyo, ko na giyabos, ko sileb ɗin kuloci, ɗan famfon da ke sa kuloci ya saki in an taka feda, wanda a wannan motar a ciki yake haɗe da rilis biyarin, in ya fara zubar da man birki kan dis ɗin yake sauka. Ka saka sabon kuloci komai tsadarsa ba ka toshe yoyon ba, shi ma haka zai jiƙe. Sil da sileb a canza su gaba ɗaya tunda an riga an buɗe, kuɗin aikin sauke giyabos sau biyu ya fi kuɗinsu.

Yanzu maganar zaɓi. GTI ɗin nan daga kamfani 280 Nm take bayarwa na ƙarfin murɗa, rimaf yakan kai ta 350 ko sama, kuma wannan lambar ce kuloci ya sani, ba ruwansa da hos fawa da ake fahariya da shi. Hanya uku ce ake ƙara masa riƙo: a ƙara ƙarfin matsi na fureshafilet, wato farantin da ke danne dis ɗin a jikin fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi na bayan injin, ko a canza fatar dis ɗin zuwa mai cizo sosai, ko a ƙara yawan dis. Oganik mai ƙarfi hanya ta farko ya bi, siramik ta biyu.

Oganik fatarsa zagaye take cif irin ta kamfani, zare ne da wayar tagulla aka haɗa da ƙaro, sai aka haɗa shi da fureshafilet mai matsi fiye da na asali. Yana kamawa a hankali, kana iya ɗan riƙe shi rabi da rabi a gosulo ko wajen fakin ko ribas a lungu ba tare da motar ta yi ta kakkarwa ba, kuma ba ya cin fulawil. Fedar za ta ɗan ƙara tauri, kwana biyu ƙafarka ta saba. Rauninsa zafi ne. In kana yawan tashi da ƙarfi daga tsaye, ka yi sau uku sau huɗu a jere, zai yi zafi ya fara sulɓi da wari, in ba a wuce gona da iri ba yakan dawo hayyacinsa bayan ya huce, in aka matsa masa kuwa fuskarsa ta yi ƙyalli kamar gilashi shi ke nan.

Siramik shi kuma garin ƙarfe da tagulla da sauransu aka gasa aka manna a fuka-fukai huɗu ko shida. Zafin da zai gama da oganik shi ko a jikinsa, kuma da matsi iri ɗaya ya fi riƙo nesa ba kusa ba. Don fili aka yi shi, inda direba ke sakin feda lokaci ɗaya ya wuce. Amma wallahi oga a cikin gari wahala ce. Ba shi da tsaka-tsaki, ko ya saki ko ya cafke, tashi daga danja sai mota ta yi jijjiga ko ta mutu maka, kuma duk lokacin da ka riƙe shi rabi don bin layin motoci yana kankare fulawil da fureshafilet ne kamar dutsen wasa wuƙa. Mutane suna ɗauka tunda ya fi ƙarfi zai fi daɗewa, a gosulo sau da yawa akasin haka ake gani, kuma in ya tafi ba shi kaɗai yake tafiya ba, da fulawil ɗin yake tafiya. Mai fuka-fukai huɗu ya ma fi mai shida zafin kai.

Akwai na Kevlar, wani irin zare mai ƙarfi, a tsakanin su biyun, yana da laushin kamawa kuma yana daɗewa, sai dai yana son dogon lallashi kafin ya zauna, in kuma ya ƙone sau ɗaya ba ya dawowa. Mai dis biyu kuwa na motocin da aka canza wa turbo ne, kuɗinsa bai dace da inda kake ba.

Fulawil ɗin ma sai ka yanke shawara a kansa don shi ke faɗa maka irin dis ɗin da za ka saya. Na asali gida biyu ne da sifirin a tsakani yana shanye bugun injin, shi ya sa dis ɗinsa ba shi da sifirin a cibiya. In ka koma fulawil dunƙulalle marar nauyi, injin zai fi saurin tashi, amma dole dis ɗin ya zama mai sifirin, kuma ka shirya jin ƙaras-ƙaras daga giyabos in mota na silo musamman da AC a kunne, ba lalacewa ba ce, haka za ka zauna da ita. Kar ka yarda a haɗa maka dunƙulalle da dis marar sifirin a motar yau da kullum, duk bugun nan kan haƙoran giya zai sauka. In na asalin ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana fitar da giris, ko yana lilo da yawa, sabo za a saka tare da sababbin kusoshi, ba a kai shi a goge.

Kar kuma rubutun siteji 2 ko siteji 3 a jikin kwali ya ja ka, ba wani ma'auni ɗaya da ya haɗa kamfanoni, siteji 2 na South Bend daban, na Spec daban, na Clutch Masters daban. Ka tambayi wanda ya yi maka rimaf Nm nawa injin ke bayarwa yanzu, ka nemi kulocin da ya ɗara wannan da kamar kashi 20 cikin ɗari, ya isa. Wanda ya wuce haka sosai ƙafarka da masta, wato famfon da ke bayan feda, da biyarin ɗin kiranshaf ne za su ɗauki nauyinsa a banza. Na beljiyam kuwa ka manta da shi a wannan aikin, sabon na asali ma da ƙyar yake riƙe rimaf balle wanda wani ya riga ya ci rabinsa, kuma ka kula da jabu a cikin kwali mai kyau.

Ni dai da motata ce, tunda da ita kake zuwa aiki da kai yara makaranta sai ƙarshen mako ka ɗan sake ta a hanya, oganik mai fureshafilet mai ƙarfi zan saka, irin na Sachs Performance ko makamancinsa, in bar fulawil mai gida biyu, sabo in tsohon ya gaji. Siramik sai in kana da niyyar babban turbo ko motar ta koma ta fili zalla. Bayan an ɗaura ka ba shi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari mai yawan canjin giya, ba tashi da ƙarfi ba taka totur har ƙasa, tafiya Kano zuwa Kaduna a giya ta shida ba ta shiga lissafi don ba a taɓa fedar. Kafin nan kuma ka daina sa shi yana zamewa, in za ka wuce mota ka sauko giya ta uku ko ta huɗu, ko fulawil ɗinka ya tsira zuwa ranar aikin.