A cikin makasan finafinan ban tsoro, Michael ko Jason, wa ya fi sa tsigar jiki tashi?

Ni dai ina bayan fim ɗin Michael, wato Halloween na 1978. Michael Myers ba ya gudu, ba ya magana. Sai ka hango farar fuskarsa a bakin shinge, ka sake dubawa, wayam. Fuskar ma ta roba ce ta Kyaftin Kirk na shirin Star Trek aka shafa wa farin fenti. Ga kiɗan fiyanon da daraktan fim ɗin, John Carpenter, ya tsara da kansa, wanda har yau in na ji da dare sai na tashi na duba sakata.

Fim ɗin Jason kuwa, Friday the 13th, jini ne jarinsa. A na farko, 1980, ba ma Jason ke kisan ba, uwarsa ce. Fuskar 'yan wasan hoki da aka san Jason da ita, sai a na uku, 1982, ya saka ta.