Waya ko zaren roba? Amsa ga mai son fara shirin duwatsu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa a fara a sa'a. Kin tambaya a kan me za ki jera duwatsun sarƙa. Tsakanin waya da zaren roba, ki ɗauki waya. Ina nufin siririyar nan da masu shago ke kira taiga tel, wadda silin ƙarfe ne aka murɗa aka lulluɓe da nailan.

Dutse na gaske yana da nauyi, kuma bakin hudarsa kan yi kaifi, a hankali yake cin duk abin da aka zura masa. Akwai sarƙar jan aƙiƙ da na shirya wa goggona ta Daura da wata Babbar Sallah, a kan waya na jera ta. Ba bikin da ba ta sa ta, ba suna, kuma kin san jikoki, duk wanda ya hau cinyarta sai ya kama sarƙar ya yi ta ja. Da na je gaishe ta kwanan baya na karɓa na duba, maɗaurin ne kawai ya ɗan dusashe, duwatsun na nan a jere yadda na bar su. Tun daga wannan sarƙar matan gidansu suka fara aiko mini da aiki.

Wayar iri-iri ce. Akwai mai sili 7, da mai 19, da mai 49. Mai 7 ta fi araha amma tana da tauri, idan ta lanƙwashe ba ta komawa daidai, sai ki ga sarƙa ta yi gwiwa a wuya. Mai 49 ta fi laushi, ta fi tsada. Ki tsaya a kan mai 19 idan kin samu, kaurin milimita 0.45, ta ishe ki duwatsu masu milimita 6 zuwa 8. Jerin duwatsun da ake sayarwa yakan kai santimita 38, wato kusan ƙwaya 47 idan masu milimita 8 ne. Sarƙa mai santimita 45 tana cin sama da 50, don haka jeri ɗaya ba zai isa ba sai kin tsarma ƙananan duwatsu a tsakani, wanda ma ya fi kyau a ido.

Abin da ke tsorata masu koyo shi ne ɗaurin ƙarshe, alhali ba wuya. Ki zura sitofa, ɗan mitsitsin zoben ƙarfen da ake matsewa ya riƙe waya, ki bi da wayar ta cikin zoben maɗauri, ki dawo da ita ta cikin sitofar, sai ki matse da filaya. Wutsiyar da ta rage ki cusa ta cikin duwatsu biyu ko uku kafin ki yanke, kada ta soki wuyan mutum. Kafin ki matse ɗaya gefen, ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira tukuna. Idan kika matse tana miƙe, za ta ƙage.

Zaren roba kuwa, na sayi ƙulli guda har yanzu yana cikin gwangwani. Zafinmu na Katsina da humra da man shafawa suna kashe shi, rana ɗaya sai ya tsinke duwatsu su watse a tsakar gida. In dai abin hannun yara ne da duwatsun roba marasa nauyi, to ba laifi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayar da duwatsu, musamman waɗanda hoto kawai za su turo miki a wayar salula. Wani ya taɓa sayar wa ƙawata gilashi da sunan aƙiƙ, har da rantsuwa. Ki ɗaga ƙwayar a hasken rana: idan kin ga 'yan kumfa a ciki, ko layin haɗi a gefe, gilashi ne ko roba. Aƙiƙ yana da sanyi idan kin ɗora a kunci, kuma taurinsa a ma'aunin Mohs 6.5 zuwa 7 ne, na gilashi kusan 5.5, shi ya sa idan kika goga shi a jikin kwalba yake barin zane. Shuɗin dutsen nan fairuz an fi yin ha'inci a kansa. Farin dutse mai laushi da ake kira haulayit suke rinawa. Ki leƙa cikin hudar, in fari ne kin gane, ko ki goga auduga da ruwan goge farce ki ga ko launi zai fita. Murjani mai arha sosai ma ki bar shi inda kika gan shi, araha ba ta ado. Wanda kuma ya ce miki dutsensa yana maganin hawan jini, kuɗinki yake so.

Ki fara da jeri biyu na aƙiƙ, ƙullin waya ɗaya, sitofa, maɗaurai, filaya mai siririn baki da ta yanka. Ki duba wurin masu kayan ɗinki da na kwalliya a babbar kasuwa, abin da babu ki ba mai zuwa Kano sautu ya duba miki a Kurmi. Ki ce jeri ɗaya za a fara kawo miki, ki gwada shi a hannunki kafin ki biya kuɗin sauran.