Rigar ruwan gwanjo da ta raka ni zaman jego a Manchesta

Tun ranar da 'yar fari ta kira ta ce haihuwarta za ta faɗo tsakiyar Disamba, magana ɗaya take ta nanata mini: "Umma, ki nemi rigar ruwa mai hula, kar ki dogara da laima." Dariya na yi. Ni da na shekara 31 ina fita koyarwa daga Fadaman Mada cikin ruwan Agusta, ni za a koya wa ruwa? Na dai bi maganarta don kar a ce tsohuwa ta yi taurin kai. Yanzu na dawo Bauchi bayan wata uku, rigar na rataye a bayan ƙofa, kuma ƙawaye biyu masu shirin tafiya Ingila sun dame ni da tambayar ko ta ci kuɗinta.

A Wunti na saye ta, wurin 'yan gwanjo, N18,000 bayan mun sha ciniki. Yaron ya fara jibgo mini manyan riguna masu auduga a ciki, irin na masu gadi lokacin hunturu, yana cewa, "Hajiya, wannan ko ƙanƙara ba za ta ratsa ki ba." Na ce, "Ɗana, ta ruwa nake nema, ta sanyi ina da ita." Sai ya tono wata shuɗiya shara-shara, ba nauyi, wadda a ido ba za ka ba ta rabin kuɗin ba. 'Yata ta riga ta koya mini abin dubawa: a juya cikin rigar a kalli ɗinki. In an bi kowane ɗinki da siririn tef an manne, ta ruwa ce ta gaske. In zare kawai ake gani, ruwa zai bi ramin allura ya shigo. Na juya na ga tef ko'ina, har cikin hula. A 'yar takardar da ke jikinta an rubuta 10,000mm, wato awon ƙarfin ruwan da yadin ke iya tarewa, kuma wannan ya isa yawon cikin gari. Ban tsaya nan ba, na sayi ruwan leda na tsiyaya a bayanta. Ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Yaron ya riƙe baki ya ce tunda yake sayar da kaya ba a taɓa yi masa jarrabawa irin wannan ba.

Kuskuren farko nawa ne. Na cusa rigar can ƙasan babban akwati, tsakanin kuka da garin kunu, na hau jirgi a Abuja da mayafi da 'yar suwaita. Mun sauka da safe, ƙarfe bakwai ta wuce amma gari duhu kamar ba a yi asuba ba, don a Disamba rana ba ta fitowa can sai bayan ƙarfe 8. Surukina ya tarbe ni, muka hau jirgin ƙasa daga filin jirgi zuwa tashar Piccadilly, tafiyar kamar minti 20. Daga bakin tasha zuwa inda muka sami mota ba nisa, amma kafin mu kai mayafina ya manne a wuya, haƙorana na kaɗawa, ga kunyar suruki ta hana ni buɗe akwati a titi. Duk mai tafiya ya sa rigar a jakar hannu, ya saka ta tun kafin ya fita ƙofar filin jirgi. Kuma tunda na ambaci akwati: kilishi da dambun nama da man shanu a bar su gida, dokarsu ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu.

Sai da na yi mako guda kafin na gane abin da yarinyar nan take nufi. Ruwanmu na Bauchi yana da sallama. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso, kowa ya kwashe shanya, a zuba kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya rana ta fito a ci gaba da harka. Na Manchesta ba ya sallama kuma ba ya ban kwana. Yayyafi ne siriri kamar feshin turare, ya tsaya, ya dawo, ya wuni. Abin mamaki, in aka auna na shekara, ruwan da ke sauka a Bauchi ya fi nasu: mu muna samun wajen milimita 1,000 cikin 'yan watannin damina, su kimanin 850, sai dai nasu a warwatse yake cikin kwana 140 zuwa 150. Ga shi yana sauka a kan sanyin da ke kai-komo tsakanin digiri 2 da 7. Jiƙewa a Agustanmu wasa ne, ka shiga gida ka sake kaya. Jiƙewa a can kuwa har ƙashi take shiga.

Laima na gwada, don ban cika yarda da abin da ban gani ba. Na sayi wata a wani ƙaramin kanti kusa da gida. Kwana huɗu ta yi. Iska ta kama ta a kwanar wani titi ta juye ta kamar kwando, ƙarfe biyu suka karye. Ko da ba ta karye ba, ruwan a karkace yake zuwa, ta gefe yake duka, ga hannu ɗaya na kan keken jariri ɗaya na riƙe da ledar cefane. Nan rigar ta nuna kanta. Hularta na da faɗi, tana hawa kan hijabi ba tare da ta takura ni ba, akwai igiyar da ake ja ta kama fuska iska ba ta tuɓe ta. Na taka da ƙafa daga Rusholme, inda muke sayen naman halal a titin Wilmslow, har gida cikin yayyafi, na tuɓe na tarar da kayan ciki a bushe ƙarau. Aljihunta masu zif ne, waya da katin banki ba su taɓa jiƙewa ba, kuma katin nan shi ne komai, da shi ake taɓa na'ura a hau bas ɗinsu masu ruwan ɗorawa, fam 2 tafiya ɗaya. Surukina, da yake mai son tarihi ne, ya nuna mini wani tsohon gini na jan bulo a titin Cambridge ya ce nan ne masana'antar Charles Macintosh, mutumin da ya yi rajistar yadin da ruwa ba ya ratsawa a 1823. Na ce lallai, mai ciwo shi ke neman magani.

To amma tana da aibu, kuma ba ƙarami ba. Ga mace mai doguwar riga, gajarta ce babbar matsalarta. Iyakarta cinya. Duk ruwan da ta tare sai ya gangaro ya zube kan abaya, ƙasan kuma na sharar ruwan titi, sai ka dawo gida sama a bushe, daga gwiwa zuwa ƙasa sharkaf. Dole na ɗage abayoyi biyu da allura, na riƙa sa wando mai kauri a ciki. Da zan sake saye, wadda ta wuce gwiwa zan nema ko da ta ninka kuɗi. Sannan ba ta da ɗumi ko kaɗan, ruwa da iska kawai take tarewa. Sai an sa riga mai kama jiki, a ɗora suwaita, sannan ita a sama, saboda haka a sayi mai ɗan yalwa. Wannan jerin ya fi babbar riga guda ɗaya, don cikin bas da kantuna akwai hita, kana shiga zufa za ta karyo, ka buƙaci abin da za ka rage.

Gwanjo kuma gwanjo ne. Wajen mako na shida kafaɗun suka daina gangarar da ruwa, yadin ya riƙa shan sa yana yin duhu, daidai inda igiyar jaka ke gogawa. Bai ratso ciki ba, amma rigar ta yi nauyi da sanyi. Maganin da ake shafa wa bayan yadin ne ya gaji. 'Yata ta wanke ta da wani ruwan wanki na musamman, ta sa a injin busarwa da ɗan zafi kaɗan, ta farfaɗo. Ta gargaɗe ni kar in kuskura in sa mata garin sabulu irin namu.

Takalmi ma sai da na sake. Silifas da kambas na yadi ba su da aiki a can, sai sau-ciki na fata mai ƙasan roba da safa mai kauri. Ni har huffi na sa, ya sauƙaƙa mini alwala a waje, domin sallolin a cushe suke: azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar wajen biyu, magariba kafin ƙarfe 4. In ka fita asibiti da jariri bayan azahar, da wuya ka dawo ba ka riski biyu a hanya ba.

A ma'aunina ta ci kuɗinta har da riba, in aka yafe mata gajarta. Ɗaya daga cikin ƙawayen nan ta zo jiya ta ce in ara mata. Na ce, "Yaya, kin fi ni tsawo, a ƙugu za ta tsaya miki." Mun yi da ita ranar Asabar za mu shiga Wunti tare, ita za ta sayi ruwan ledar.