Nazarin manufofin gwamnati ko kimiyyar siyasa: wanne za ki ɗauka a gefe?

Ƙanwata, kin ce kina karanta kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a Amurka, an ba ki damar ɗaukar ƙaramin fanni, kin kuma rasa zaɓi tsakanin nazarin manufofin gwamnati da kimiyyar siyasa. Ga waɗanda suka yi karatu a gida: a can ɗalibi yana da babban fanninsa, sai ya ƙara kwasa-kwasai kamar 5 zuwa 7 daga wani sashe, a rubuta masa a takardar sakamako. Ta wajen lokaci duk kusan ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne tambayar da kowanne yake yi.

Kimiyyar siyasa tana tambayar wa ke riƙe da iko, yaya ya same shi, me ya sa majalisa ta amince da wannan doka ta yi watsi da waccan. Za ki sha karatu a kan tsarin mulki, jam'iyyu da zaɓe, ki kuma yi dogayen rubuce-rubuce.

Shi kuwa nazarin manufofi cewa yake: to, an yi dokar, ta yi aiki? Nawa ta ci? Wa ya amfana, wa ya ji jiki? A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen abinci na jihohin biyu, ba su ga ayyuka sun ragu a New Jersey ba. A 2008 jihar Oregon ta raba gurabun inshorar lafiya ta talakawa ta hanyar ƙuri'a, aka bi waɗanda suka samu gurbin da waɗanda ba su samu ba. Bashin asibiti da ciwon damuwa sun ragu a wajen waɗanda suka samu, amma ba a ga wani canji a hawan jini ba cikin shekara biyu. Irin waɗannan za a sa a gabanki ki warware.

Aikin gida ma daban ne: takardar shawara mai shafi biyu zuwa ga gwamna ko magajin gari, ki jera mafita uku, ki faɗi kuɗin kowacce, ki zaɓi ɗaya. Duk jimlar da ba ta da hujja, malami zai ja mata jan biro.

Ni dai nazarin manufofi nake ba ki shawara. Kin riga kin iya lissafi da sarrafa alƙaluma, wanda shi ne ke ba yawancin ɗaliban fannin wahala. Gaskiya ne misalan kusan duk na Amurka ne, amma awon iri ɗaya ne idan kika zo kan cire tallafin man fetur da aka sanar a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023. Masu ra'ayi a kansa sun yi yawa, masu iya auna abin da ya jawo ne muke nema.

Idan kuma aikin lauya ko jakadanci kike hange, kimiyyar siyasa ta fi kusa da hanyarki. Kafin rajistar zango mai zuwa, ki tambayi jami'in da ke ba ki shawarar kwasa-kwasai ko sai kin fara yin kwas na tattalin arziki da na ƙididdiga, don wasu jami'o'in suna sa su sharaɗi.