QEMU bayan shekara huɗu a shagona: ina yabo, amma maganar bit 32 ta tsaya min a rai

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta da koyar da yara a nan Sakkwato wajen Emir Yahaya, kuma QEMU na cikin abin da nake ci da shi kullum. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce ta kyauta da Fabrice Bellard ya fara a 2003, tana ƙera maka kwamfuta cikin kwamfuta, wato naka injin shi ne mai masauki, wanda ke gudana a ciki kuma baƙo. Ni Windows XP nake saukarwa a cikinta saboda wata tsohuwar manhajar filashin waya da ba ta tashi a sabon Windows, kuma wallahi in aka haɗa ta da KVM, wato sashen Linux da ke ba baƙo damar aiki kai tsaye da furosesan mai masauki, gudu take kamar ba baƙo ba, ko sisi ban biya ba.

To amma masu kula da ita sun daɗe suna rage kaya. A 2024 sunka cire furosesa iri biyu daga waɗanda take kwaikwaya, Nios II a siga ta 9.1, sannan CRIS a 9.2, shi CRIS furosesan kamfanin Axis na Suwidin. Wanga bai dame ni ba gaskiya, ban taɓa ganin mai amfani da su ba, kuma in babu mai gyara lambar abu kuma babu injin da za a gwada shi a kai, riƙe shi wahala ce kawai ga mutanen da da yawansu aikin sa kai suke. Kuma ba sa yi maka ba zata, sai sun sanar an yi siga biyu tukuna su cire, ga shi sau uku suke fitar da siga a shekara, ka ga akwai lokacin shiri.

Inda abin ya taɓa ni shi ne mai masauki mai bit 32, wato tsohon tsarin furosesa na kafin bit 64. Tun siga ta 8.0 a 2023 sunka ce suna kan hanyar barin x86, wato irin furosesan Intel da AMD, mai bit 32 a matsayin mai masauki, VirtualBox, wata manhaja irinta, ma ta riga su tun 6.0 a 2018, Debian 13, wani nau'in Linux, kuma ba ta da sigar da za a saka wa irin waɗannan injuna. Su can suna ganin waɗannan laftof sun mutu, mu nan suna raye, yaro zai zo daga Mabera ko Runjin Sambo da ƙaramar laftof mai furosesan Atom N270 mai bit 32 da yayansa ya bar mashi, ita ce duk abin da yake da shi, yana son koyon Linux, mi zan ce mashi? Da tsadar kaya yanzu ba zan iya cewa je ka sayi wata ba.

Abu ɗaya dai da mutane ke rikitawa, baƙo mai bit 32 yana nan, XP ɗinka ba inda za shi. Kuma kafin ka yanke ƙauna ka buga umarnin lscpu a Linux ka duba irin furosesanka, furosesan Core 2 Duo da yawa bit 64 ne, Windows mai bit 32 kawai aka ɗora masu, na ceto guda shida haka a shago da sake saka Linux kawai. Masu Atom N270 da Core Duo na farko kam na aje masu tsohuwar siga a filas, ina kuma hana su haɗa baƙon da intanet tunda gyaran tsaro zai daina zuwa.

Tauraro huɗu cikin biyar nake ba ta.