Gargaɗi ga masu neman injin les na hannu: wanda na gwada daban, wanda aka sauke mini daban

Jama'a, duk mai shirin sayen injin les na hannu, wato wanda aka taɓa aiki da shi, injin nan da ke juya ƙarfe ana feraye shi, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Raina a ɓace yake, a yi mini haƙuri idan magana ta hau kan magana.

Rabin kuɗi na ba mutumin da ya sayar mini da injin kafin alƙalami. Rabi cur. Ɗaya rabin na cika masa ranar da mota ta iso, tun ba a kwance igiya ba, domin direba ya ce an hana shi sauke kaya sai ya ji kira cewa kuɗi sun shiga. Rabi da rabi, duka ke nan, tarin da na daɗe ina yi ina hana kaina abubuwa. Abin da ke tsaye a wurin aikina yanzu kuwa gado ne, wato dogon gangar ƙarfen da sauran sassan injin ke zaune a kai, cinyayye mai tsaga a ciki, an lulluɓe shi da sabon fenti.

Kada wani ya zo yana ce mini me ya sa ban gwada ba. Na gwada. Wallahi na gwada, kuma ba irin gwajin danna maɓalli a ji ƙara a ce madalla ba. Na je da agogon awo mai allurar da ke nuna karkata, da maikiromita ta auna kauri, da sandar ƙarfe tawa. Na kawo sirdi, abin da ke ɗauke da askar fira yana tafiya a kan gado, kusa da kan injin inda ake kama ƙarfe, na ɗaure makullinsa kaɗan yadda zai riƙa ja da ɗan nauyi, sannan na murza shi har wutsiya, matokarin da ke ɗaya ƙarshen gadon. Idan gado ya cinye a gaba, sirdin zai cije tun kafin ya yi nisa, saboda can baya ƙarfen bai ragu ba. Wannan ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Na feraye sandata, na auna bakinta biyu a tazarar milimita 300, bambancin milimita 0.03 ne. Ku riƙe wannan lamba, 0.03. Irin wannan awo ba ni na ƙago shi ba, wani injiniyan Jamus mai suna Georg Schlesinger ne ya tsara yadda ake gwada injinan ƙira tun 1927, kuma a kan tsarinsa aka gina ƙa'idojin da ake bi har yau. Na goga magagari a can ƙarshen hanyar gadon, wato layin da sirdi ke zamewa a kai, ya zame bai kama ba, alamar an taurara ta. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Har gobe ina kan bakana, injin da na gwada mai kyau ne.

Sai mai injin ya tsaya a gefena yana kallo, ya harɗe hannu, ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ka san gado. Wasu fenti suke zuwa saye." Maganar nan ita ce ke hana ni barci. Kai ka san gado. Sannan ya ce tunda ya ga ni ma'aikaci ne na gaske, ba zai bari in ɗauki injin da datti ba, in bar shi a wanke, a canza masa mai, a ɗan shafa masa fenti, su kawo mini har ƙofa ba tare da na biya kuɗin mota ba. Mutum ne da furfura a gemu, ya haife ni, Baba nake ce masa tun shigowata. Wa zai ce wa irin wannan a'a? Ku gaya mini, wa?

Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba ce bayani, don su gane girman abin da aka yi mini. A injin les kusan komai ana iya canzawa. Motar lantarkin injin ta ƙone, a sa wata. Boris ya mutu, a nemo. Giya ta karye haƙori, a yanka sabuwa. Gado ne kaɗai ba ya canzuwa, domin a kansa kai yake zaune, a kansa sirdi ke tafiya, a kansa wutsiya ke zamewa, kuma duk karkatar da ke jikinsa sai ta fito a jikin aikinka. Ba da ƙarfen walda ake yin gadon irin waɗannan injina ba, ƙarfen zubi ne mai ruwan toka, wanda gawayin cikinsa ya kai wajen kashi 3 cikin 100. Gawayin nan yana zama ne falle-falle a cikin ƙarfen, irin baƙin abin da ke cikin fensir, kuma shi ne ke shanye girgiza lokacin da aska ke cin aiki. Ana narka shi a zuba a gurbin yashi, galibi a kife, fuskar da za ta zama hanya tana ƙasa, saboda datti da kumfar iska sama suke tasowa. Bayan ya huce ba a fara aiki a kansa nan take, don wurare masu kauri da marasa kauri ba sa sanyi lokaci ɗaya, akwai ɗaurewa da ta rage a cikinsa wadda za ta murɗe shi daga baya. Masu ƙira na da sukan jibge gadaje a fili watanni, wani lokaci fiye da shekara, rana ta doke su sanyi ya doke su. Na yanzu sukan sa shi a tanderu, wajen digiri 550 zuwa 600, su bar shi ya huce a hankali. Sai a yanke hanyoyin, wata mai tudu kamar harafin V a kife, wata shimfiɗaɗɗiya, sirdi da nasa biyu, wutsiya da nata biyu. Daga nan ko dai a gasa fuskar hanyar da harshen wuta ko da lantarki a sanyaya ta nan take, ta yi tauri zurfin 'yan milimita kaɗan, sannan a wasa ta a kan wani ƙaton injin wasawa da ya fi gadon tsawo, ko kuma, a tsofaffin injina, a bar ta da laushinta a kankare ta da hannu, ana shafa shuɗin tawada ana duba inda ya taɓa ana kankarewa. Duk wannan wahala domin layi ɗaya miƙaƙƙe. Shi na biya wa kuɗi, rabi da rabi.

To da aka sauke, tun kafin in kunna, idona ya faɗa kan hanyar. Wadda na gwada sumul take kamar madubi. Wannan kuwa an yi mata zane-zanen jinjirin wata tun daga gaban kai har tsakiya, sababbi fil, suna ƙyalli. Ai gabana ya faɗi. Hanyar da aka taurara ba ta kankaruwa da hannu, kowane ɗan koyo ya san haka. Da na kawo fitila kusa sai na ga ashe da ƙaramar giranda aka yi su, kowane zane da ɗan ƙonewa shuɗi-shuɗi a bakinsa. Na sa farce a saman tudun hanyar gaba, farcena ya maƙale a wani gefe da sirdi bai taɓa hawa ba, sun yi ƙoƙarin goge shi da samfefa amma bai ɓace ba.

Na manta ban faɗa ba, kafin ranar sai da ya yi ta ɗaga mini lokaci. Yau fenti bai bushe ba, gobe direba ba shi da lafiya. Har hoto ya turo mini na injin ana wanke shi, kuma yanzu da na koma na duba hoton da kyau, daga baya aka ɗauke shi, ta inda ba a ganin hanya. Duk suna nan a wayata, hirarmu daga sallamar farko, rasit na rabin farko, shaidar tura rabi na biyu, da muryarsa yana cewa in kwantar da hankalina. Zan sa su duka, ina rufe lambobin da ba nasa ba ne kawai.

Na ɗora agogon awo a kan sirdi, bakinsa a kan hanyar wutsiya wadda ba ta cika cinyewa a gaba ba, na murza. Allura ta yi tafiyar milimita 0.45.  Na feraye sanda irin waccan, tazarar milimita 300 ɗin dai, ta fito baki ɗaya ya fi ɗaya kauri da 0.2. Daga 0.03 zuwa 0.2! Wani zai ce ai saukar aska kaɗan ba ta cika canza kaurin aiki ba, kuma gaskiya ne, idan ƙasa kawai ta yi. Amma hanyar gaba ta fi ta baya cinyewa, kuma gefe ɗaya na tudun ya fi ɗaya, don haka sirdin karkata yake yi yana jan aska gefe. Da wannan wane shaf zan yi wa mutum ya zauna a boris?

Ban ma zo kan mafi muni ba. Injin irin mai cirarren guntu ne a gaban kai, wanda ake cirewa idan za a juya abu mai faɗi. Guntun nan a masana'anta tare da gadon ake wasa shi, na wani injin ba ya zama daidai a wani. Da sirdi ya zo hayewa sai na ji ƙas. Na kwance, na tarar da yankin gwangwani an cusa a ƙarƙashi don a ɗaga shi. A kusurwar ramin kuma fentin ya yi wani kumburi. Na manna maganaɗisu, ya faɗo. Na kankare da wuƙa, sai ga fila mai kauri irin ta masu gyaran jikin mota, a ƙarƙashinta walda baƙa ƙirin ta bi tsaga ta gangara gefen gado. Injin nan faɗuwa ya taɓa yi. Ƙarfen zubi kuwa idan aka yi masa walda haka kawai, ba a ɗumama shi ba, ba a bar shi ya huce a hankali ba, gefen waldar yakan yi tauri mai gautsi, sabuwar tsaga ta fito kusa da tsohuwa. Ga ta nan ma ta fara, siririya kamar gashi. Lambar da ake bugawa a ƙarshen gado ta wajen wutsiya kuwa an goge ta da giranda an cike da fenti.

Kai ka san gado. Ashe da ya faɗi haka ya riga ya san wanne zai loda mini. Injina biyu gare shi iri ɗaya, ɗaya na nunawa, ɗaya na turawa, fentin kuma shi ne zai sa su zama tagwaye. Ina kallonsa a raina har yanzu, yadda ya ciro tsumma daga aljihu da kansa ya share mini hanyar don in gani da kyau. Da kansa fa.

Na kira shi. Da farko ya ce yaransa ne suka "gyara" mini gadon kyauta, in gode. Da na ambaci walda ya ce a mota ya tsage, in bi direba. Waldar da ke ƙarƙashin fila, filar da ke ƙarƙashin fenti, a mota? Daga nan ya ce kayan hannu ba a mayarwa, ai na gwada da hannuna na ce ya yi. Yanzu waya ba ta shiga. Na je wurin, aka ce ya yi tafiya.

Masu cewa in kai a sake wasa gadon, na gode, amma ku san abin da kuke faɗa. Sai an tsige injin kaf, an samu mai injin wasawa mai tsawon da zai ɗauke shi, kuma bayan an rage ƙarfe sirdi zai sauka, dole a manna masa wani abu a ƙarƙashi a kankare don ya dawo daidai da dogon sukurin yanka zare. Sau da yawa kuɗin wannan aiki ya fi kuɗin injin. Duk wannan ma a gadon da ba shi da tsaga ake yi. Nawa ko an wasa shi, tsagar tana nan tana tafiya.

Shawarata gajeriya ce. Ranar da ka gwada, ranar za ka ɗauka, kana tsaye a loda. Ka ɗauki hoton lambar gado, a rubuta ta a rasit. Ka je da maganaɗisu. Kada ka cika kuɗi sai an kwance igiya ka sake awo. Wanda ya ce zai yi maka fenti kyauta, ka ce ka gode, kana son dattinka.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan da daddare shi ne, ɗazu wani abokin sana'a ya turo mini talla. Injin da na gwada ne, na gane shi da wani ɗan ɓallin da ke jikin murfin giya. Yana nan ana neman mai saye, da bayanin nan dai na cewa gado lafiya, a zo a gwada. Duk wanda ya taɓa gwada injin nan aka sauke masa wani, ya yi mini magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, mu haɗa hujjojinmu mu shigar da ƙara tare.