Berje ko karen gida? Abin da za ka duba kafin ka kai kare gida a Maraɗi

Mai neman kare a Maraɗi galibi gadi yake nema: gida a bakin gari, garka a gefen gulbi, ko garken awaki da ɓarayi suka sa wa ido. Shari'a ma a kan irin wannan buƙata ta yi sassauci, wato farauta da tsaron gona da dabbobi. Tambayar ita ce wane kare: na waje mai tsada kamar berje na Jamus, irin wanda ake tallarsa a WhatsApp ana cewa daga Kano ko Yamai aka kawo shi, ko kuwa ɗan kwikwiyon da karyar maƙwabci ta haifa?

A Turai da Amurka akwai gidajen da ake tara karnukan da ba su da mai su, mutum ya je ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Mu a nan abin da ya yi kama da haka shi ne karɓar kwikwiyo a hannun ɗan'uwa, maharbi ko makiyayi, sau da yawa kyauta ko da ɗan kuɗin goro. Har ta fuskar fiƙihu wannan ta fi sauƙi, domin Risala ta kawo hani a kan cinikin kare, ta ce an yi saɓani a kan wanda aka yarda a riƙe. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya tambayi malaminsa kafin ya fiddo kuɗi.

Karen waje da aka fi nema shi ne berje na Jamus, wanda aka kafa jinsinsa a 1899 don kiwon tumaki. Yana da kaifin basira, yana ɗaukar horo, kuma ganinsa kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya sake shawara. Sai dai gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, za ka gan shi kwance harshe waje yana haki, ga siminti ya yi zafi, ga wuta an ɗauke. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fidda zafi, kuma zafin kan kashe shi in babu inuwa da ruwa. Jinsin kuma an san shi da ciwon ƙugu na gado, wanda ba ya nunawa a kwikwiyo sai ya girma ya fara ɗingishi. Namijin berje kan kai kilo 30 zuwa 40, Rottweiler, wani jinsin karen waje, ya kai 50. Irin wannan jiki ba ragowar tuwo ke riƙe shi ba. Nama yake so, ko abincin buhu, kullum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Babbar matsalar ma ba ta nan. Kalmar "asali" da mai sayarwa ke rantsuwa a kanta ba ta da shaida in ba ka ga uwa da uba ba. Kwikwiyo ɗan wata biyu mai baƙin baya da manyan kunnuwa yana iya zama gauraye, kuma ba za ka gane ba sai bayan kuɗinka sun tafi. Ka ce a nuna maka karyar tana shayarwa. Ka nemi karnen allura, wato ɗan littafin da ake rubuta alluran da aka yi wa kare, ka duba ko an manna takardar kwalbar maganin, da kwanan wata da hatimin likitan dabbobi, ba rubutun biro kawai ba. Ka ɗaga leɓensa: dasashi ya zama ja-ja, in ya yi fari akwai ƙarancin jini, daga tsutsar ciki ko kaska. Ka leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke ɓuya. Wanda ya ce maka uwar tana wani gari, ka bar masa kayansa.

Karen gida kuwa ya saba da rana, ya saba da abin da gida ke ci, kuma ya fi jure cututtukan da kaska ke kawowa. Haushinsa ba ya kasawa, kuma yawancin gadi ai haushi ne. Abin dariya, doguwar karyar nan siririya ta Buzaye, ta yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, ita ce Turawa suka yi wa rajista da sunan Azawakh suna saye da tsada. Raunin karen gida shi ne yawo: in ba katanga, zai bi karnukan unguwa, ya dawo da rauni ko ciwo. Wanda aka tsinto a titi da girmansa kuma ban ba da shawararsa ba ga gida mai yara, tunda babu wanda ya san abin da ya cije shi jiya.

Kuɗin allurar rigakafi shi ne ba a gudunsa, ko wane ka zaɓa. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana sai dai haƙuri. Allurarsa ana yin ta a wata uku, a riƙa sabuntawa. Kafin ita akwai ta zawon jini na kwikwiyo, daga sati shida zuwa takwas, sannan a maimaita. Zawon jinin ya fi tsananta ga Rottweiler da berje. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce likita a ranar, ko da karen naka ne.

Mai babban fili da rumfa, da kuɗin nama da lokacin horo, ya sayi berje in ya ga iyayensa da idonsa. Mai garka ko garke, ko wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata, ya karɓi kwikwiyon gida daga karyar da ya san halinta, kuɗin da ya rage ya kai su wajen likitan dabbobi da mai gyaran katanga.